Fatawa Kan Zaɓen Hajar da Dillalin Intanet Zai Tallata Don La'ada

Tambaya: Na shiga dillanci ta intanet, inda kamfani yake ba ni la'ada duk lokacin da wani ya sayi kaya ta hanyata. Kayan kuwa iri-iri ne, waɗansu la'adarsu kaɗan ce, waɗansu mai tsoka. Shin wannan kuɗi halal ne? Kuma da wane ma'auni zan zaɓi abin da zan tallata?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani, ya kai ɗana, Allah ya yi maka albarka, cewa dillanci sana'a ce daɗaɗɗiya wadda shari'a ta same ta ta kuma tabbatar da ita, kuma sauyin wurin da ake yin ta, daga rumfar kasuwar Kurmi zuwa fuskar waya, bai sauya hukuncinta ba. Malaman fiƙihu suna shigar da irin wannan ƙulli a babin ju'ala, watau alkawarin lada ga wanda ya cim ma wani aiki, suna kafa hujja da aya ta 72 ta Suratu Yusuf, inda aka yi alkawarin kayan raƙumi guda ga wanda ya zo da ma'aunin sarki. Imamu Buhari kuma ya ƙulla babi a kan ladan dillali, ya ambata cewa Ibnu Sirina da Aɗa'u da Ibrahimu da Hasan ba su ga laifinsa ba.

Sai dai Imamu Malik, Allah ya yi masa rahama, ya sharɗanta a Muwaɗɗa cewa a ambaci farashi a kuma ambaci lada, ya hana a ce wa dillali yana da kaza a kowane dinari alhali ba a yanke farashi ba, domin ladansa zai riƙa hawa da sauka ba tare da ya san abin da zai samu ba, wannan kuwa garari ne. Saboda haka, idan kamfani ya yanke farashin haja ya kuma bayyana kasonka tun kafin ka fara, to ladanka sananne ne, kuɗin kuwa halal ne.

Amma batun zaɓi, wanda shi ne wurin da ƙafafu suke zamewa, to ma'auninsa huɗu ne, yawan la'ada kuwa ba ya cikinsu.

Na farko, hajar ta zama halal a kan kanta, domin abin da aka haramta sayar da shi an haramta kiran mutane zuwa gare shi, kamar yadda aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan saɓo, kuma la'anar da ta zo a hadisi game da giya ta haɗa har da mai ɗaukarta da mai cin kuɗinta. Da wannan ne tallan caca, da bashi mai ruwa, da kayan maye, da hotunan batsa suka fita, ko da su ne suka fi biya.

Na biyu, ka san abin da kake yabo. Wanda ya tallata maganin da ba shi da rajistar hukumar NAFDAC, ko man shafawa mai ƙona fata, bai gwada ba, bai tambayi masana ba, to idan aka cutu yana da kaso a alhakin, domin amincewa da shi ce ta sa aka saya.

Na uku, gaskiya wajen siffantawa. Muslim ya ruwaito yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannunsa cikin tsibin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya kuwa barrantar da kansa daga mai algus. Faɗin cewa ka yi amfani da abin da ba ka taɓa riƙewa ba, da ƙirƙiro shaidar masu saye, da cewa kaya sun kusa ƙarewa alhali suna jibge, duk ha'inci ne, waninsu ma ɗan'uwan najashu ne, watau ƙara tayi ba da niyyar saye ba don a ruɗi mai saye, wanda aka hana.

Na huɗu, kada ka fito a rigar mai nasiha alhali kai dillali ne. Duk wanda ya nemi shawararka, ka sanar da shi cewa kana da la'ada a cinikin, domin wanda aka nemi shawararsa abin amincewa ne. Haka nan ka nisanci tsarin da sai ka biya kuɗin shiga, ribarka kuma ta rataya ga jawo waɗansu masu biya, domin wannan cin dukiyar mutane ne da ɓarna, hajar kuwa labule ce kawai.

Idan hajoji biyu suka cika waɗannan sharuɗɗa, babu laifi ka fifita wadda ta fi la'ada, domin neman riba ta halal ba abin kunya ba ne. Abin da ka riga ka samu daga tallan haram kuwa, ka tuba, ka fitar da shi ga mabukata, wanda ka yaudara kuma ka mayar masa da haƙƙinsa gwargwadon iko.

Allah ya azurta mu da halal mai albarka. Wallahu a'alamu.