Ruwa Ya Janye, Bashi Bai Janye Ba

Karatu: Matiyu 18:23-35

Ka san halin kogin Hadejia. Ruwan da yake gangarowa daga ƙasar Kano, ta madatsun Tiga da Challawa, shi ne yake raya fadamun Miga da Auyo da Kafin Hausa. Amma ciyawar kachala ta toshe masa hanyoyi, sai damina ta yi ƙarfi ya fasa cikin gonaki. A 2022 mun gani da idonmu: shinkafa ta kusa nuna ruwa ya shanye ta, gidajen ƙasa suka rushe.

Daga baya ruwa ya janye, amma bashi yana nan. A ce kai ne ka ba manomi taki da iri bashi zuwa kaka. Kaka ta zo, ba shi da ko tiya ɗaya. Me za ka yi da shi?

Kada wani ya ce maka amsar mai sauƙi ce. Kuɗin haƙƙinka ne. Kana da iyali, kana da kuɗin makarantar yara, wanda ya ba ka kaya shi ma yana jiranka. Tausayi na gaske yana taɓa aljihu.

To, duba misalin da Ubangiji Yesu ya bayar. Sarki ya yafe wa bawansa talanti 10,000. Bawan yana fita ya shaƙe abokin aikinsa saboda dinari 100. Lura, Yesu bai ce bashin ƙarya ba ne. Dinari ɗaya ladan ƙwadagon yini ne, don haka dinari 100 ya fi gumin wata uku. Laifin bawan shi ne, ɗan'uwansa ya roƙi a ba shi lokaci, irin roƙon da shi kansa ya yi ɗazu, ya ƙi ji.

Ke nan tausayi ba ya kashe gaskiya, kuma ba kullum yake nufin ka yafe duka ba. Idan kana da hali, yafe. Idan ba ka da shi, ƙara masa wa'adi zuwa noman rani. Raba masa biyan kaɗan kaɗan. Kada ka tozarta shi a kasuwa gaban 'ya'yansa. Kada ka ƙwace injin ban-ruwansa ko san nomansa. A Maimaitawar Shari'a 24:6 Allah ya hana karɓar dutsen niƙa jingina, domin da shi mutum yake cin abinci. Idan ka ɗauke abin sana'arsa, da me zai biya ka? A wannan sura kuma an umarci a biya talaka ladansa a ranar da ya yi aikin. 'Yan ƙwadagon da suka yi maka dashe, asarar gonarka ba hujjar riƙe guminsu ba ce.

Mece ce ribar? Idan ruwa ya sake tasowa cikin dare, aka fito tare jinga da buhunan yashi, ba kuɗinka ne zai ɗauki buhu ba, mutane ne. Wanda ka rufa wa asiri bara zai tsaya kusa da kai. Garin da aka saba jin ƙan juna ya fi saurin miƙewa bayan masifa.

Amma ba don a rama mana muke yi ba. Wani za ka tausaya masa ya manta. Muna jinƙai ne domin an riga an yafe mana bashin da ba za mu iya biya ba, a bisa gicciye. Yawancin maƙwabtanmu ba za su zo sujada su ji wa'azi ba, amma suna ganin mudunmu da littafin bashinmu. A nan suke karanta bangaskiyarmu.

Yau ɗauki littafin nan naka. Sunan wa Ruhu Mai Tsarki yake nuna maka? Je wurinsa kafin rana ta faɗi.

Addu'a: Ya Uba, ka yafe mini da yawa. Ka tausasa zuciyata ga wanda nake bi, ka kuma biya bukatun gidana. A cikin sunan Yesu. Amin.