Wa Ke Yasar Rijiya?

Ƴan'uwa ɗalibai, ga tambayar da na kawo muku a wannan fitowa: in mutum ya samu abu kyauta, mai shi kuma ya ce masa "yi yadda ka ga dama", shin akwai sauran haƙƙi a wuyansa?

Aikina ne ya ja ni ga wannan tunani. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Yamai da ke tsara wa ƴan kasuwa da ƙungiyoyi bayanansu. Ni ke kula da rumbun bayanai, wato inda ake zuba sunaye da lissafi, wa ya biya, wa ake bi. Manhajar da muke dogara da ita sunanta PostgreSQL. An fara ta a jami'ar Kalifoniya ta Amurka a 1986, yau kuma mutane daga ƙasashe da dama ke gyaranta. Buɗaɗɗiya ce: kowa na iya karanta yadda aka rubuta ta, ya canza, ya sayar ma in ya so. Ko dala ba mu taɓa biya ba.

To, muna cin kuɗi da ita. Wannan bai dame ni ba. Ga-ruwa ma ba shi ya gina rijiya ba, kuma ba wanda ke kiransa ɓarawo, don wahalarsa yake sayarwa. Mu ma hakanan: kwanan zaune in na'ura ta tsaya, da ajiyar kwafi saboda ɗaukewar wuta, su ake biyanmu.

Amma rijiya tana son yasa. Anan gizo ke saƙa. Na rubuta wani ɗan ƙari da ke sa bayanai su daidaita da kansu in intanet ya yanke ya dawo, matsalar da duk mai aiki a ƙasar nan ya sani. Na so in sake shi ga kowa. Maigidanmu ya ce a'a, da shi muka fi abokan gasa. Kuma wallahi yana da hujja: lasisin bai tilasta mana mayar da komai ba, albashinmu kuma daga wannan fifiko yake fita. Ba azzalumi ba ne, mutum ne mai tsoron ƙarshen wata.

Rikicin ba namu kaɗai ba ne. Tun 1989 lasisin GPL ya zo da sharaɗi: in ka rarraba abin da ka gyara, sai ka buɗe shi ga kowa. Masu PostgreSQL ba su sa wannan sharaɗi ba, sun bar mutum da zuciyarsa. Wasu kuma sun gaji. MongoDB ta canza lasisinta a 2018, Redis ta bi sahu a 2024, duk bisa kukan cewa manyan kamfanoni na kwasar riba da guminsu. Ni dai ina ganin barin mutum da zuciyarsa ya fi sharaɗi nauyi. Wanda ya ranta maka da takarda, ka biya kun rabu. Wanda ya ba ka bai ko tambayi sunanka ba fa, yaushe za ku rabu?

Wani aboki ya ce mini: "Kai, mu talakawa ne, bari masu hali su yi yasa." Akwai gaskiya ciki, ba a auna mu da Amazon a mudu ɗaya ba. Sai dai a gayya ba a tambayar mai ƙaramar hauya don me ya zo. Kuma injiniyan Turai da wutarsa ba ta ɗaukewa ba zai rubuta abin da na rubuta ba, don bai san ciwon ba. In mun ɓoye, wani yaro a Damagaram ko Tawa zai sake ɓata wata uku kan abin da an riga an gama.

Abin da na roƙi maigida shi ne mu riƙe ƙarin shekara ɗaya mu ci moriyarsa, sannan mu sake shi. Ya ce zai duba. Wata biyu ke nan yana dubawa.