KEK MAI SIFFAR KATUN: SUKARI NE KO MUTUM-MUTUMI?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa mata masu sana'ar kek suna yawan turo wannan tambayar, kusan da lafazi ɗaya: Malam, uwa ce za ta zo ta ce a yi wa yaronta kek ɗin bazday mai siffar Mickey Mouse ko Spiderman ko Minion, a tsaye, da ido da hanci da komai. In na yi, kuɗin halal ne? In na ƙi, wata ce za ta karɓi aikin.

Maganar shi kansa bikin zagayowar ranar haihuwa mu ajiye ta gefe yau. Malaman zamani sun yi saɓani a kai, wasu sun hana saboda koyi da waɗanda ba musulmi ba, wasu sun ɗauke shi al'ada matuƙar babu saɓo a ciki. Irin wannan kek ɗin kuma yanzu har walimar sauka da taron suna ana kai shi, don haka tambayar tana nan ko da babu bazday.

Kafin hukunci, sai an san abin da ake hukuntawa. Mai yin irin wannan kek tana gasa shi ne da ɗan nauyi don ya jure wuƙa, ta jera shi hawa-hawa, ta sa a firij ya daskare, sannan ta sassaƙa: nan kai, nan ciki, nan kafaɗa. Ta soka tsinke ko sanda a tsakiya don kada ya rushe. Ta shafe shi da kirim ɗin bota, sannan ta murza fondan, wato ƙullin garin sukari da ake haɗawa da jelatin da gulukos da gilisarin, ta lulluɓe shi kamar fata. Da fondan ɗin take murza kunne da yatsu da ƙwayar ido, ta rina kowanne da kalarsa. Aiki ne na yini guda ko fiye, da damina ya yi gumi, da hunturu ya tsattsage, ga wuta babu tabbas. Ban raina wannan wahalar ba. Amma duk wanda ya ji bayanin ya san sunan aikin sassaƙa ne. Abin da magini yake yi da yumɓu shi ake yi, sai dai da fulawa da sukari.

Hadisan da suka yi gargaɗi mai tsanani ga masu sura abu mai rai suna cikin Bukhari da Muslim, ba a jayayya a kan ingancinsu. Malamanmu na Malikiyya sun tsara mas'alar da sharuɗɗa: surar da ta haramta ita ce ta abu mai rai, mutum ko dabba, mai jiki wadda take da inuwa, kuma gaɓoɓinta sun cika. In zane ne a shimfiɗe, a wurinsu bai kai haram ba, makaruhi ne ko barinsa ya fi, duk da cewa sauran mazhabobi sun tsananta har a wannan. In kuma bishiya ce ko gida ko jirgi, babu komai.

To a nan ne masu kek suke cewa: ai Malam wannan ba ajiyewa za a yi ba, kafin magariba an cinye shi. Hujja ce mai ma'ana, kuma ba yau aka fara kawo ta ba. Shehu Dardir, wanda ya rasu a 1201 bayan hijira, ya ambaci surar da ba ta daɗewa, kamar wadda ake yi da ɓawon kankana, ya ce magana mafi rinjaye ita ma haramun ce. Cewarsa "mafi rinjaye" tana nuna maka akwai wata maganar a cikin mazhaba wadda ta sauƙaƙa. Shi kuwa Hafiz Ibnu Hajar, wanda ya rasu a 852, da ya zo kan wannan a Fathul Bari sai ya tambayi kansa: surar da ake yi da alawa, da ta yumɓu za a haɗa ta ko da 'yar tsanar yara? Bai yanke ba, ya bar ta a matsayin wurin da ake buƙatar nazari. Ku duba fa, sama da shekara ɗari biyar da suka wuce. Har yau in ka je Masar lokacin Mauludi za ka tarar da amarya da doki na sukari a kasuwa, malaman can ma ba bakinsu ɗaya ba a kai.

Ita 'yar tsana asalinta tabbatacce ne. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana ita da ƙawayenta a gidan Manzon Allah (SAW) bai hana ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa har doki mai fukafukai ya gani a cikin kayan wasanta, ya tambaye ta, ta kafa hujja da dawakan Annabi Sulaimanu, ya yi dariya. Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ma ta ba da labarin yadda suke yi wa yara abin wasa da ulu ranar Ashura don su shagala su kai azumi. Saboda haka wanda ya haɗa kek ɗin yara da wannan babin bai faɗi son zuciya ba.

Sai dai ni abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne a bari. An yi rangwame a 'yar tsana ne don yaro yana da buƙata gare ta, ya goya, ya yi mata wanka, ya koyi wani abu. Shi wannan kek ɗin, mu faɗa wa juna gaskiya, yaro ɗan shekara ɗaya bai ma san ana yi ba. Don kyamara ake yinsa. A ɗora shi a tebur mafi tsayi, a kunna masa fitilu, a ɗauka a sa a sitatus don kishiya ko matar wa ta gani. Fondan ɗin ma yawancin mutane ɓare shi suke yi su ajiye a gefen faranti saboda zaƙi. Kun ga ke nan kuɗin siffar aka biya. Kuma tunda mashhurin mazhabar da muka tashi a kanta hani ne, ban ga dalilin da zai sa mace ta gina abincinta na kullum a kan wurin da manya suka tsaya suna tunani ba.

Amma don Allah samari masu zafin kai a yi hattara. Wanda zai shiga ƙarƙashin hoton kek ɗin baiwar Allah ya rubuta mata "mai sassaƙa gumaka" ya yi zalunci. Babu mai bauta wa Minion. Masu tarihi sun hikaito cewa Banu Hanifa sun taɓa yin gunki da cuɗaɗɗen dabino da man shanu, da yunwa ta matsa suka cinye shi. Waɗancan bauta suka yi, wannan kuwa mas'alar fiƙihu ce mai saɓani, a yi nasiha cikin ladabi.

Yanzu ke 'yar uwa mai sana'a, ina mafita? Wani mutum ya zo wa Ibnu Abbas ya ce da zane yake ciyar da iyalinsa. Da ya ji hadisin gargaɗi sai fuskarsa ta canza don tsoro. Ibnu Abbas bai ce masa ya rufe shago ba, ya nuna masa bishiya da duk abin da ba shi da rai. Hannun da ya iya murza kunnen ɓera zai iya murza fure. Mota, jirgin sama, ƙwallo, jakar makaranta, gidan sarauta, allo da tawada don mai sauka, duk sassaƙa ce da ke nuna gwaninta, kuma kuɗinta ba ya kasa na waccan. In yaro ya kafe sai Spiderman, kalarsa ja da shuɗi da zanen yanar gizo-gizo sun isa ya gane gwaninsa. Mickey Mouse tun 1928 da da'ira uku ake gane shi, babba ɗaya ƙanana biyu, ba sai an yi ido da baki ba. Kek ɗin nan kuma da ake gasa shi kamar siket a soka 'yar tsanar roba a tsakiya, ke riga kika ɗinka, ba ke kika sura ta ba, bayan taro yarinya ta ɗauki abarta ta ci gaba da wasa. Wannan ya fi sauƙi nesa, sai dai a suturta ta da kyau.

Akwai abin da ya fi damuna wanda ba a cika tambaya ba. Jelatin daga fata da ƙashin dabba ake samo shi, kuma mai yawa daga wanda ake yi a Turai na alade ne. Fondan na kanti da alawar mashmalo da wasu ke narkawa su yi nasu, duk a juya bayan kwali a karanta. In an rubuta na shanu ne da tambarin halal, ko na kifi, ko an yi da agar wanda daga ciyawar teku yake, Alhamdu lillah. In ba a faɗi asalinsa ba, nemi wani. Haka ruwan banila, wani da giya ake jiƙa shi, alhali ga na gari nan a kasuwa. Wannan kam cikin 'ya'yan mutane zai shiga, kuma uwar da ta ba ki aiki ba za ta taɓa ganin kwalin ba, ke kaɗai kika gani.

Wallahu a'alam.