HOTON AMARYA NA WA NE?

Yau wata tambaya na zo mana da ita, wadda a ido ƙarama ce, amma duk wadda ta taɓa aurar da ɗiya ko ƙanwa ta san nauyinta. Idan an watse daga biki, an kwashe kujeru, an kai amarya ɗakinta, hotunan nan da aka ɗauka na wa ne? Na mai hoto ne da ya wuni yana durƙuso da kyamara? Na ango ne da ya biya kuɗin? Ko na amarya ne da fuskarta ke ciki? To ita kuma matar maƙwabta da ta zo taya murna kawai, aka ɗauke ta tana tsakiyar rawa ɗankwali ya zame, ina matsayinta a cikin wannan magana?

Iyayenmu da yayyenmu da suka yi aure kafin zuwan wayar hannu a 2001 sun san yadda abin yake a nan Illela. Mai hoto zai zo da fim ɗinsa mai cin hoto 36, yana ɗauka yana lissafi, don ko ƙyaftawar ido kika yi an yi asarar guda. Daga nan sai a ba direba fim ɗin a tasha ya bi da shi ta Gwadabawa da Kware zuwa Sakkwato, tafiyar sama da kilomita 80, a wanko. Ran da hotuna suka iso sai a baje su bisa tabarma, kowa ta tsinci nata ta biya. Wanda ba a saya ba, ko wanda ya fi yin kyau, sau da yawa mai hoto yakan liƙa shi a gilashin ƙofar shagonsa don talla, kuma ko a lokacin ana yin rigima a kan haka. Kin ga ke nan matsalar ba yau ta fara ba. Sai dai hoton wancan zamani gurgu ne, inda aka ajiye shi nan yake kwana. In miji ya ji labari zai taka har shagon ya ce a cire, a cire, a ba shi har da baƙin fim ɗin da ake sake wankowa da shi, magana ta mutu.

Hoton yau kuwa fiffike gare shi. Kafin amarya ta goge kwalliyar kamu, hotonta ya riga ya kwana a Yamai da Legas da Jidda.

Kada ki ɗauka ina cikin masu cewa a daina. Mu mutanen bakin iyaka mun fi kowa sanin amfanin abin. Da wuya ki sami gida a Illela da ba shi da dangi a Ƙonni ko Tawa ko Maraɗi; goggo tana can, kawu yana nan, aure kuma yana ta ƙulluwa tsakani tun kafin Turawa su ja layinsu. Da aka rufe iyaka a watan Agusta na 2019, sai a Disamba 2020 aka buɗe, Illela tana cikin guda huɗun farko. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris 2024. Masu ƙarfi a jika sun bi ta hanyoyin daji a kan babur, amma tsohuwar da ƙafa ta gaza fa? Kakanni nawa ne suka ga jikokinsu cikin lalle ta fuskar waya kawai, suka shafa gilashin suna sa albarka? Wannan zumunci ne, kuma ba ni da bakin kushe shi.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne, ɗiyar yayata ta koyi ɗaukar hoto, kuma kasuwa ta buɗe mata, saboda gidaje da yawa yanzu ba sa son namiji ya shiga tsakiyar mata ranar sa lalle ko wunin biki. Da aiki ya yi mata yawa sai ta fara neman inda za ta riƙa zuba hotuna a intanet, masu biki su shiga su zaɓa, su biya, a wanke musu. Tare muka zauna muka duba, ni da ban wuce sakandare ba da ita mai ido a waya.

Akwai kamfanonin waje da aka kafa musamman don wannan sana'a, irin su SmugMug na Amurka da Pixieset na Kanada. Tsarinsu gwanin sha'awa. Mai hoto zai buɗe wa kowane biki ɗakinsa daban, ya kulle da lambar sirri, ya ba masu biki kaɗai. Yana iya sa tambarinsa ya ratsa kowane hoto yadda ba mai kwashewa kyauta. Wadda ta ga wanda take so sai ta danna, ta biya da kati, wani kamfani can ya wanke ya aiko ta gidan waya. To amma fa 'yar uwa, rigar ba da awonmu aka ɗinka ta ba. Kuɗin haya da dala ake biya, wata-wata ko shekara-shekara, kuma kowa ta san yadda naira ta faɗi tun da aka sake ta a Yuni 2023. Wuraren wankinsu suna ƙasashen Turawa, kuɗin aiko hoto guda zai ninka kuɗin hoton. Goggonmu ta Ƙonni kuma da sefa take ciniki, a ɗaure a bakin zane.

Saboda haka abin da masu hotonmu suke yi a zahiri shi ne, su tura ta WhatsApp ko su zuba a Google Drive su aiko da hanyar shiga, a biya su ta banki ko wurin mai POS, su aika a wanko albam da firam a Sakkwato ko Kano, direba ya kawo. (Af, tunda na zo nan bari in ba ki wata dabara: WhatsApp yana matse hoto ya rage masa ƙarfi, shi ya sa in an wanke babba yake fitowa dishi-dishi. Ki ce a turo miki shi yadda ake tura takarda, zai zo da cikakken ƙarfinsa.) Talla kuma a Instagram da Facebook da TikTok ake yin ta, kyauta. A nan ne gizo yake saƙar.

Don me aka ce kyauta? Mai hoto ba ya biyan ko kwabo ya kafa allon tallarsa a gaban dubban mutane, amma allon nan da me aka yi shi? Da fuskar ɗiyar mutane. Gwargwadon kyan amarya, gwargwadon yadda za a yi ta yaɗawa, gwargwadon sababbin masu biki da za su kira shi. An biya shi kuɗin aiki sau ɗaya, ya koma yana cin riba da fuskarta sau ɗari, ita ko ba wanda ya tambaye ta.

Na ji hujjar masu hoto, kuma ba zan ce ba su da gaskiya ko kaɗan ba. Wani daga cikinsu ya ce da ni, "Hajiya, tela na rataye ɗinkinai a ƙofar shago, mai lalle na nuna hannun da ta zana, ni mi zan nuna? Kyamarar ga da bashi na saye ta." Haka ne. Fasaharsa ce, shi ya san inda zai tsaya haske ya faɗo daidai, shi ya ƙona mai a janareta ya kwana yana gyara. Ko dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya da aka sa wa hannu a 2023 ta san da wannan, don a ƙa'ida ta bar wa wanda ya ɗauki hoto haƙƙin aikinsa. Amma ita dokar da kanta ta ce idan mutum ya sa an ɗauki hoto don sha'anin gidansa, yana da ikon hana a baza shi ga jama'a, sai in an yi wata yarjejeniya. Mata nawa ne a cikinmu suka san da haka?

Ni dai ko ba doka, misalin tela bai shige ni ba. Riga ba ta da miji, ba ta da suruka, ba ta jin kunya. Mai hoton biki ya fi kama da ungozoma ko mai kitso. An buɗe mata ƙofar da ba a buɗe wa kowa, ta ga kan matar gida a tsefe, ta ga abin da ko maƙwabta ba su gani ba, aka biya ta ladan hannunta. Ba a sayar mata da abin da idonta ya gani ba. Ko ki dubi karar shanu ta nan Illela ranar Lahadi. Baƙo zai taso daga cikin Nijar ya damƙa wa dillali dabbobinsa, wani lokaci har kuɗin ya kwana a hannun dillalin. Dabba tana hannunsa, kuɗi suna aljihunsa, amma ya san la'adarsa kawai ce tasa, kuma ran da ya manta da haka ya gama dillanci a wannan kasuwa. Hoto a cikin kyamara ajiya ce irin wannan.

Kuma abin da ya fi damuna ba amaryar ba ce ma. Ita ta san da zuwan mai hoto, ta yi shiri, ta zaɓi kayan da za ta sa. Sauran matan fa? Mace tana yaye mayafi a wurin kamu ne saboda ta duba hagu da dama ta ga 'yan uwanta mata. Ta yi rawa, ta yi guɗa, ta saki jiki na awa biyu a cikin shekara guda da take tsare a gida. Bayan kwana uku abokin mijinta ya miƙo masa waya a majalisa ya ce, "Wannan ba iyalinka ba ce?" Na san gidan da irin wannan ta sa mace ta yi wata biyu a gaban iyayenta, na kuma san wadda tun daga ranar mijinta ya soke mata zuwa kowane biki, har na ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya. Kina iya cewa mijin ya yi tsanani, ni ma na faɗa. Amma wanda ya ɗora hoton yana can yana ƙirga masu yabo, bai ma san an yi ba. Ban da 'yan damfara da ke kwasar hoton mace su buɗe shafi da wani suna suna yaudarar maza, ga kuma sababbin manhajojin da ke iya ɗauke fuska su ɗora ta a jikin da ba nata ba.

Mu ma fa mata muna da namu kason. Amarya nawa ce take fushi in mai hoto bai ɗora ta ba, tana ganin kamar ya raina kwalliyarta? Ƙawaye nawa ne suke rige-rigen sa hoton a waya tun kafin a shafa fatiha? In amarya ta yarda a nuna ta, ita ta sani, fuskarta ce. Amma yardarta ba ta rufe matan mutane goma sha biyu da ke tsaye a bayanta cikin anko ba.

Akwai kuma wani gefen da ba a son faɗa ranar farin ciki. Ba kowane aure ne yake zuwa inda aka yi fata ba. A da, in zama ya ƙare, mace takan ɗauki almakashi ta raba hoton biyu, ko ta tura albam ɗin ƙarƙashin adaka, ta buɗe sabon shafi. Yanzu za ta fito, ta gama idda, wani ya fito neman ta, danginsa su shiga bincike, su tarar da ita tana murmushi a kafaɗar tsohon miji a shafin wani mai hoto da ya ma manta sunanta. Wa za ta roƙa ya goge? In ya goge nasa, na waɗanda suka kwafa fa?

Abin mamaki, wanda kike so ya ɓace ba ya ɓacewa, wanda kike so ya daɗe kuma ba shi da tabbas. Kamfanin Kodak, wanda fim ɗinsa ya ɗauki auren iyayenmu, ya durƙushe a 2012, aka rufe ma'ajiyar hotunansa ta intanet aka miƙa wa wani kamfani. Flickr ya taƙaita wa masu ajiyar kyauta hoto 1,000 a 2019. Google ya daina ba da ajiyar hoto mara iyaka kyauta a Yuni 2021. Balle waya da za ta faɗa a bokitin wanki. Hoton auren mahaifiyata yana nan a bango, ya yi ja, gefensa ya naɗe, amma jikokinta suna ganinsa. Shi ya sa kullum nake cewa a wanke ko guda ashirin ne a takarda.

Daga ƙarshe ga yadda ɗiyar yayata ta tsara nata aikin. Ba ta ɗauki kamfanin dala ba, ba ta da halinsa. Kowane biki tana buɗe masa ma'ajiya a kulle, ta ba mutum biyu kaɗai izinin shiga, amarya da uwar biki. Tun ranar da za a ba ta kafin alƙalami take tambaya, a rubuce a waya don kada a yi musu, ko an yarda ta nuna wani abu. In an yarda, amarya ce za ta nuna da yatsa wanda za a ɗora, kuma ba ta ɗora hoton taro ko da an ce ta ɗora. Wurin wanki ta zaɓi guda ɗaya a Sakkwato, ta je da kanta ta ga mai shagon, suka yi magana a kan ya riƙa gogewa daga kwamfutarsa in ya gama, duk da ta san wannan alkawari ne da ba ta da hanyar bin diddiginsa. Bayan wata uku takan miƙa wa amarya komai a katin ajiya, ta share nata.

Tsarin yana da tsada. Shafinta fayau yake, hannaye da lalle da akwatunan lefe kawai, mabiyanta ba su kai rabin na sa'o'inta ba, don haka dole ta ɗan ƙara kuɗin aiki, wasu kuma suna jin farashin su juya. Watan jiya ma wata amarya ta aiko mata da saƙon murya mai zafi, wai duk ƙawayenta an ɗora su ita ba a ɗora ta ba, ko ba ta yi kyau ba ne? Ta tura mata hotuna biyar ta ce ta zaɓi wanda take so, amma ta fara nuna wa angon. Har yau ba ta dawo da amsa ba.