Haƙƙin Makaho A Kan Masu Rubutu

 

Akwai tambayar da ta kamata malamai da shugabannin makarantu na ƙasar Zamfara, tun daga Gummi har Bukkuyum da Anka, su tsaya su duba. Shin wanda ya miƙa wa makaho sadaka a ƙofar masallaci ran Juma'a ya sauke nauyinsa ke nan?

A da akwai uzuri. Makaho yana haddace abin da ya ji, amma takarda sai an karanta masa, ko da wasiƙa ce mai ɗauke da asirinsa. Malam Aliyu Namangi na Zariya da ka ya tsara Imfiraji, wasu suka rubuta. Rubutun makafi da Louis Braille ya bayyana a Faransa a 1829 yana buƙatar takarda mai kauri da makaranta ta musamman, irin ta Gindiri da aka buɗe a 1953, kuma ba kowane uba ke iya kai ɗansa can ba.

Yau uzurin ya ragu ƙwarai. Akwai manhajar da ke bin rubutun da ke fuskar kwamfuta ko waya tana karanta shi da murya, layi bayan layi, ɗalibi yana sarrafa ta da yatsunsa. Wasu makafi biyu 'yan Ostiraliya, Michael Curran da James Teh, su ne suka gina NVDA tun daga 2006, suka bayar da ita kyauta. A 2008 Jami'ar Washington ta Amurka ta fito da WebAnywhere, wadda a lokacin ake buɗe ta daga intanet ba tare da an ɗora komai a kan na'ura ba, domin makaho ya iya aiki da kwamfutar makaranta ko ta shago. Sai dai irin wannan ba ta motsi in babu layin sadarwa, kuma mutanen Zamfara ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, sa'ad da aka rufe layukan waya a jihar. Saboda haka wadda ke zaune cikin waya, kamar TalkBack, ta fi dacewa da ƙauye.

To, a nan ne maganar take. Wannan manhaja haruffa take ganewa. Idan malami ya ɗauki hoton shafin Ahalari ko Iziyya ya tura wa ɗalibansa, ko makaranta ta sa jadawalin jarrabawa a hoto ta watsa a WhatsApp, mai ido ya karanta, makaho kuwa abin da zai ji bai wuce “hoto” ba. Akwai dabarun ciro rubutu daga hoto, amma suna yawan tuntuɓe a rubutun hannu da bugun da ya dushe. Haka kuma Larabcin da ba a yi wa wasali ba, na'ura cinta take yi, ta ɗaukaka abin da ya kamata a yi wa nasabi, ɗalibi ya hardace kuskure bai sani ba. Hausa ma muryar Turanci takan tauna ta, balle haruffa masu ƙugiya.

Wannan ba laifin makanta ba ne, ba kuma na na'ura ba. Zaɓin mai rubutu ne, wanda ya ga ɗaukar hoto ya fi masa sauƙi da bugawa. Wani zai ce ai bai yi nufin cutar da kowa ba, gaskiya ne, amma sani ya riga ya zo masa. Abdullahi ɗan Ummu Maktum ba bara ya je yi wurin Manzon Allah (SAW) ba, ilmi ya je nema, kuma a kan haka Suratu Abasa ta sauka. Daga baya ya zama ladani, har akan bar masa jagorancin salla a Madina.

Dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta tabbatar masu da haƙƙin ilmi, amma ba ta zuwa zauren malam ta buga darasi. Wannan aikin almajirai masu ido ne. Su buga karatun kowane mako da haruffa, su sa wa Larabcin wasali, malam ya duba kafin a tura. Yaron da ake hana zuwa makaranta don ya riƙe wa yayansa sanda, shi ma ya sami damar komawa aji.