Kayan Sallar Yaro: Shin A Ci Bashi Domin A Faranta Masa Rai?

 

Jama'a masu karatu, maganar da za mu duba a wannan mako ta taso ne daga wata tambaya da wani bawan Allah ya yi mini a ƙofar masallaci bayan sallar La'asar. Mutumin ƙaramin ma'aikaci ne, yana da 'ya'ya huɗu, uku mata, namiji ɗaya mai shekara bakwai. Ya ce bara ya yi wa yaron alkawarin keke in Sallah ta zagayo, ga shi kuwa azumi ya raba tsakiya, abin da ke hannunsa ko ɗinkin yaran bai kai ba. Ɗan maƙwabcinsa kuma, wanda suke wasa tare, an riga an kai gezna tasa wurin tela. Abin da yake so ya sani shi ne, ko ya halatta ya ci bashi ya cika alkawari, ko kuwa ya bar yaro ya kwana da baƙin ciki ranar da kowa ke murna.

Na san wannan tambaya ba tasa ba ce shi kaɗai. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, farashin kome ya tashi, kuma mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka zartar a 2024, duk wanda ke cefane ya san inda yake tsayawa. Saboda haka na ga ya kamata a amsa ta a fili.

Da farko sai mu rarrabe abin da ya wajaba da abin da bai wajaba ba. Tufatar da yaro yana cikin ciyarwar da shari'a ta ɗora wa uba, amma gwargwadon hali. Aya ta 7 cikin Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna mawadaci ya ciyar daidai da wadatarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki kuwa ya ciyar daga abin da Allah Ya ba shi, ba a kallafa masa fiye da haka. Game da ranar Idi, littafin Risala na Ibnu Abi Zaidin, wanda almajiran ƙasar nan suka tashi da shi, ya ambaci cewa an so a sa turare da tufafi masu kyau. Kyau aka ambata, ba a yi zancen tsada ba, kuma abin so ne, wanda ya rasa babu zunubi a kansa. Keke da mota ta wasa da agogo kuwa kyauta ce zalla, alheri ne ga wanda ya samu iko.

To, kada wani mai tsauri ya ji haka ya ce ai shi ke nan, a bar yara da karatun allo, wasa ɓata lokaci ne. Wannan ba ita ce hanyar Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ba. Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, yana da ƙane ƙarami ana yi masa alkunya da Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Annabi kuwa yakan tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun nan. Wata rana aka kawo masa tufafi, cikinsu akwai wata 'yar riga baƙa mai ado, sai ya aika aka kawo masa wata yarinya, Ummu Khalid, wadda aka haifa a ƙasar Habasha, ya sa mata da hannunsa, yana nuna adon yana yaba shi da kalmar Habashanci don ta ji daɗi. Imamu Muslim ya ruwaito cewa in aka kawo masa nunan fari na 'ya'yan itace, sai ya yi addu'ar albarka, sa'an nan ya miƙa wa mafi ƙanƙantar yaron da ke wurin. Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu kuma ta ba da labarin yadda matan sahabbai suke yi wa 'ya'yansu abin wasa da ulu ranar azumin Ashura, in yaro ya yi kukan yunwa a ba shi ya shagala. Ku dubi waɗannan abubuwa da kyau. Ɗan tsuntsu, da 'yar riga, da dabino, da dunƙulen ulu. Ba a yi sakaci da farin cikin yaro ba, ba kuma a kashe dukiya wajen samar da shi ba.

Nan ne na ce wa mai tambayata ya tsaya ya binciki zuciyarsa. Yaro ɗan shekara bakwai bai san bambancin gezna da ƙaramin yadi ba, sai in an koya masa. Abin da ya sani shi ne rigarsa sabuwa ce, tana da aljihu da zai zuba kuɗin barka da Sallah, kuma babansa ne ya kawo masa. Wanda ya san kuɗin yadi shi ne uban, da maƙwabcin, da matan unguwa. Sau da yawa in mutum ya ce ba ya so ɗansa ya ji kunya, kunyar kansa yake gudu, ya rataya ta a wuyan yaro. Ayyuka kuwa da niyya suke. Wanda ya sayi hula ta kuɗi kaɗan don ya faranta wa ɗansa saboda Allah, yana da lada. Wanda ya sayi ta kuɗi masu yawa don a ce wane ya isa, sai ya nemi ladansa wurin waɗanda ya yi dominsu.

Bashi ba haram ba ne, Annabi da kansa ya ci, ya kuma biya da kyautatawa. Amma yakan yawaita neman tsari daga gare shi, da aka tambaye shi dalili ya bayyana cewa mutum in bashi ya yi masa nauyi yakan yi zance ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa. Ra'ayina shi ne, in yaro ba shi da abin sawa ko kaɗan, uba kuma ya san tabbas inda zai samu ya biya a ƙarshen wata, to, babu laifi ya karɓi yadi bashi. Amma a ci bashi don keke, alhali kuɗin makaranta na tafe bayan Sallah, da kuɗin haya, da hatsi, wannan sayen murnar yini uku ne da ƙuncin wata shida, ƙuncin kuwa a kan yaron nan da uwarsa zai sauka. In bashin mai ruwa ne, to, magana ta ƙare, babu wata murna da za ta halatta riba. Ba banza ba Hausawa suke cewa Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Dattawanmu da suka ga kuɗin Udoji a 1975 suna iya ba da labarin yadda aka yi rububin rediyo da babur, da abin da farashi ya yi a baya.

Saura zancen alkawari, wanda shi ne ya fi damuna cikin tambayar. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amir cewa yana yaro uwarsa ta kira shi ta ce ya zo ta ba shi wani abu, Annabi yana zaune a gidansu. Ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Ya sanar da ita da ba ta ba shi kome ba, da an rubuta mata ƙarya. Mu kuwa mun mai da yi wa yaro alkawari hanyar kashe kukansa. Sai a ce yi shiru, gobe zan sayo maka jirgin sama. Yaro ba ya mantawa, yana ƙirga kwanaki, ranar da ya gane ba gaskiya ba ne ya koyi darasi guda, watau cewa babba yana iya faɗin abin da ba zai yi ba. Wanda ya yi alkawari da niyyar cikawa sa'an nan hali ya gagara, ba maƙaryaci ba ne, amma akwai hakkin bayani a kansa. Na ce wa mutumin ya zaunar da ɗansa tun yanzu, kada ya bari sai daren jajibere, ya gaya masa gaskiya cewa kuɗin keke ba su samu ba bana, kuma bai manta ba. Ya sayo asusu, su riƙa jefa ɗan abin da ya samu tare, har da wani kashi na barka da Sallar yaron in ya yarda. Zai yi kuka, ba shakka. Amma kukan yini ɗaya ya fi sauƙi bisa ga ya tashi bai amince da maganar ubansa ba.

Wani zai ce mini, Malam, kana magana kamar ba ka taɓa zama yaro ba, ai yara suna yi wa juna gori, wanda ya fita yawon Sallah da tsohuwar riga abin yana zauna masa a rai har girma. Wannan gaskiya ce, ba ni musun ta. Shi ya sa nake ganin riga ita ce gaba da kome, ko da ta yadi mai araha ce, ko rigar wansa ce aka rage aka wanke aka yi mata guga. Amma rabin maganin wannan ciwo yana hannun mawadata. Imamul Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya yi gargaɗi cikin Ihya'u, a babin tarbiyyar yara, kada a saba wa yaro da jin daɗi da ƙawa, kuma a hana shi yi wa tsararsa alfahari da abin da iyayensa suka mallaka. Mai hali da ya ɗinka wa ɗansa kala biyar, ga marayan ƙanensa ko almajirin gidansa ba ko ɗaya, bai karya wata doka ta kasuwa ba, amma ya koya wa ɗansa abin da zai yi wuyar kankarewa. Da ya rage kala ɗaya ya ɗinka wa wancan, da yara biyu sun fita tare.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, in an gama da riga da hula da takalmi, abin da ya rage ko kaɗan ne ya isa kyauta. Ƙwallo ta fi yawancin kayan wasan roba amfani, domin takan daɗe, kuma ba a buga ta shi kaɗai, dole ya nemi abokai. Littafin labarai mai hotuna, ko kwalin fensir masu launi, ko sabon allo da 'yar jakarsa, duk suna cikin abin da talaka zai iya. A da iyaye a ƙauye sukan ba yaro 'yar kaza ko tantabaru biyu su ce naka ne, ya riƙa ba su tsaba da ruwa, ya ga sun yi ƙwai sun ƙyanƙyashe, wani har ya kai ga sayen akuya. Ban san wata kyauta mai araha da ta kai wannan koya wa yaro tausayi da tattali ba. Uban da ya zauna da ɗansa da yamma suka ƙera motar kara ko ta gwangwani, shi ma ya ba da abin da ba a sayarwa a Kantin Kwari ko Sabon Gari. Abin da nake roƙo a guje wa shi ne bindigar wasa mai harba ƙwaya da abin fashewar nan da yara ke jefawa cikin taro, gama suna iya tsiyaye ido, shari'a kuwa ta hana ko nuna wa ɗan'uwa makami. Wayar hannu ga ɗan shekara bakwai kuma, ko da kyauta aka samu, magana ce mai zaman kanta.

Da mutumin ya tashi tafiya na tuna masa da abin da bai tambaya ba, watau 'ya'yansa mata uku. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Bashir, mahaifin Nu'umanu, ya yi wa ɗansa wata kyauta, uwar yaron Amratu 'yar Rawaha ta ce sai an sa Manzon Allah shaida. Da Annabi ya tambaya ko ya yi wa sauran 'ya'yansa irinta, ya ce a'a, sai ya ƙi yin shaidar, ya umarce shi da tsoron Allah da adalci tsakanin 'ya'yansa, Bashir kuwa ya koma ya janye kyautar. Da mai tambayata ya ci bashi ya sayi keken nan, da kuɗin lalle da ɗankunne da takalman 'yan matan ne za su tafi a ciki, su kuwa suna kallo. Haka abin yake, har ma ya fi tsanani, a gidan da ke da mace fiye da ɗaya, inda hular da aka saya wa ɗan wannan ɗaki aka hana ɗan wancan takan zama gaba tsakanin 'yan uba har bayan ran mahaifi. Adalci a nan ba ya nufin a sayo wa kowa abu iri ɗaya, tun da bukatar mace dabam, ta namiji dabam, ta babba ba ta ƙarami ba ce. Abin nufi kowane ɗa ya ga an tuna da shi daidai da ɗan'uwansa.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba zakkar fid da kai, da wanda ta wajaba a kansa, da lokacin fitar da ita.