Dattijo Mai Ciwon Zuciya Da Sahun Farko A Lokacin Ɗari

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da magani, Ya sanya jikin bawa amana a hannunsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, ga ɗari ya kama, hazo ya rufe gari tun daga Damagaram har Tawa, kuma duk wanda ke halartar sallar asuba a kwanakin nan ya ji yadda tari ke amsa wa tari daga sahu zuwa sahu, har wani lokaci karatun liman ya ɓace a ciki. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu amsa wata tambaya da ake yawan kawo mana, kuma galibi ƴaƴa ne ke kawo ta a ɓoye, ba da sanin iyayensu ba. Sukan ce: "Malam, tsohonmu likita ya ce zuciyarsa ta raunana, yana shan maganin hawan jini, ga mura ta cika gari. Mu hana shi masallaci, ko mu ƙyale shi?"

Kowane masallaci yana da irin wannan dattijo. Shekara talatin ko arba'in yana bayan liman, wurinsa sananne ne, ko ya makara ba mai tsayawa a nan. Yanzu kuwa daga ƙofar gidansa zuwa masallaci sai ya tsaya sau biyu ya huta, ƙafafunsa sun kumbura, da dare ba ya iya kwanciya sai ya tara matasan kai. Idan ka ce masa ya zauna gida, ji yake kamar ka ce masa an cire shi daga cikin mutane. Saboda haka maganar ba ƙarama ba ce, kuma ba a yanke ta da "a'a" ko "i" kawai. Awo ake yi.

Mu fara da abin da likitoci suka sani, domin Allah Ya umurce mu da tambayar ma'abota sani idan ba mu sani ba. Mura mai tsanani, da korona, da ire-irensu, ƙwayoyin cuta ne ke kawo su, waɗanda ake kira birus, kuma suna bin numfashi da tari da atishawa da hannun da ya shafi hanci. Saurayi ya kamu, ya yi kwana uku yana jan majina, ya miƙe. Ga mai ciwon zuciya lamarin dabam ne. Zazzaɓi yana sa zuciya ta ƙara saurin bugawa, ga huhu ya kumbura ba ya ɗaukar iska yadda ya saba, wato an ƙara wa jaki kaya kuma an rage masa harawa. Sa'an nan cutar tana iya tayar da kumburi a cikin hanyoyin jinin da ke ciyar da zuciyar kanta, jini ya daskare a wurin da dama ya ƙuntata, hanya ta toshe. A shekarar 2018 wasu likitoci a ƙasar Kanada suka bayyana sakamakon bincikensu, inda suka ga cewa a cikin kwana 7 na farko bayan an tabbatar mutum ya kamu da mura mai tsanani, haɗarin bugun zuciya yana ninkuwa wajen sau 6. Mu a nan sai mu ce: "Jiya fa ƴar mura ce kawai yake yi, yau aka wayi gari babu shi." Ajali ne, babu shakka. Amma ajalin ya biyo ta wata ƙofa, kuma an san ƙofar.

To, wani zai ce ai abin da Allah Ya rubuta ba makawa. Gaskiya ne, kuma wanda ya yi shakkar wannan ya duba imaninsa. Sai dai an riga mu faɗin wannan magana, kuma an riga an amsa ta. Lokacin da Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, ya nufi Sham, ya iso wani wuri da ake kira Sarga, aka tarye shi da labarin annoba ta faɗa ƙasar. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru, ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah zai yi. Umar ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da mai raƙuma da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kai su, da ƙaddarar Allah ya kai su, amma mai hankali ya san inda zai kai. Daga baya Abdurrahman ɗan Aufu ya zo ya shaida cewa ya ji Manzon Allah (S.A.W.) ya hana shiga ƙasar da annoba take, ya kuma hana waɗanda ke ciki fita don gudunta. Wa zai ce ya fi Umar tawakkali?

Game da sallar jam'i kuwa, malamanmu na mazhabar Maliku ba su bar mu cikin duhu ba. A cikin Muhtasar, Shaihu Halilu ya jera uzurorin da ke halatta barin Juma'a, ya ambaci rashin lafiya, da jinyar majinyaci, da ruwan sama mai ƙarfi da taɓo. Idan Juma'a da take farilla tana faɗuwa saboda uzuri, ina ga jam'in sauran salloli? Itbanu ɗan Maliku, sahabin da ganinsa ya raunana, kwari kuma yakan cika da ruwa tsakaninsa da masallacin mutanensa, ya roƙi Annabi (S.A.W.) ya zo ya yi salla a gidansa don ya riƙi wurin masallaci, kuma Annabi ya zo. Haka nan ya tabbata a cikin Buhari cewa bawa idan ya yi rashin lafiya ko tafiya, ana rubuta masa ladan abin da ya saba aikatawa yana lafiya yana gida. Dattijon da ya tsare sahun farko shekara arba'in, in ciwo ya zaunar da shi sati biyu, alƙalami bai tsaya ba.

Mun san akwai mai kawo hadisin makahon da ya nemi rangwame, Annabi (S.A.W.) ya ce masa tun da yana jin kiran salla ya amsa. Hadisin ingantacce ne. Amma makaho wahalar hanya ce ke gabansa, wannan kuwa rayuwarsa ce ke bisa sikeli, kuma Shari'a ba ta auna su da mudu ɗaya.

Kada kuma a fahimce mu ba daidai ba. Ba muna cewa a rufe masallaci ba. Mun tuna da 2020, lokacin da aka rufe masallatai a ƙasarmu a watan Maris saboda korona, aka buɗe su a watan Mayu, da irin ɓacin ran da ya biyo, kuma ba mu da niyyar tayar da wannan miki. Ba kuma muna cewa duk mai furfura ya koma ɗaki ba. Dattijon da hawan jininsa ya daidaita da magani, yana tafiyarsa ba haki, ba ɗaya yake da wanda ruwa ke taruwa masa a huhu ba, kuma likitan da ke duba shi shi ya fi cancanta ya faɗi ajin da yake. Wurare ma ba ɗaya ba ne. Sallar la'asar a farfajiya, iska na kaɗawa, minti goma an watse, ba kamar asuba ba ce a ɗaki da aka toshe ƙofofi da tagogi saboda sanyi, mutum ɗari suna shaƙar numfashin juna. Zaman makoki na yini uku ƙarƙashin rumfa, ana musabaha da duk mai shigowa, ana sha da moɗa ɗaya, ya fi su duka nauyi. Yana iya halartar wannan ya bar wancan, ya tsaya ƙarshen sahu kusa da taga, ya rufe hanci da baki da ƙyalle, ya yi ta'aziyya a tsaye ya koma gida, har guguwar murar ta wuce.

Yanzu ga inda muke so ku saurara da kyau, domin a ganinmu an ɗora tambayar a kan wanda bai kamata ba. Kullum ana tambaya ko tsoho ya zauna gida. Ba mu taɓa jin saurayi ya zo ya ce: "Malam, ina zazzaɓi da tari, ya halatta in shiga sahu?" Alhali shi ne Shari'a ta fara yi wa magana. Annabi (S.A.W.) ya hana wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa kusantar masallaci, don wari kawai, wanda ba ya kwantar da kowa. Ya hana a kawo raƙuma marasa lafiya cikin masu lafiya. Da tawagar Saƙifu ta zo da kuturu a cikinta, ya aika masa cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma. Imamu Maliku ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Umar ya ga wata mata mai kuturta tana ɗawafi, ya ce mata cikin lallashi kada ta cutar da mutane, da ta zauna gidanta. Ta zauna. Bayan rasuwarsa wani ya gaya mata wanda ya hana ta ya mutu, ta fito, sai ta ƙi, ta ce ba za ta bi shi yana raye ta saɓa masa yana matacce ba. Ku dubi wannan baiwar Allah, Ka'aba ce fa ta haƙura da ita. Mu kuwa ɗayanmu zai kwana da zazzaɓi, ya taso ya kutsa sahun farko, ya yi atishawa a kan darduma, ya miƙa wa dattijo hannu biyu bayan sallama, ya tafi yana ganin ya yi jihadi. Kai mai ƙarfi, kwana uku ko biyar na salla a gida ba za su rage ka da komi ba. In ka zauna, tsohon ya samu zuwa.

Haka abin yake a cikin gida. Sau da yawa ba masallaci ke kawo wa tsoho mura ba, jikansa ne da ya dawo daga makaranta ya haye cinyarsa. Ba mu ce a raba kaka da jika ba, domin kaɗaici ma cuta ne ga tsoho, kuma mun ga waɗanda aka killace da sunan kariya suka daina cin abinci. A dai ware masa ƙoƙon shansa, mai tari ya gaishe shi daga bakin ƙofa, a wanke hannu da sabuni kafin a ba shi abinci, kuma kada a kunna masa garwashi a ɗaki a rufe.

Idan kuma ya kamu, ya ku ƴaƴa, ku ji tsoron Allah game da masu tallar magani a kan tire. Kafso ba ya kashe birus. Wasu magungunan ciwon jiki, kamar diklofenak da ibuprofen, suna riƙe ruwa da gishiri a jiki, su tayar da hawan jini, su ƙara wa zuciya mai rauni nauyi, haka ma wasu magungunan buɗe hanci. Kada ya ajiye maganin zuciyarsa don yana mura sai da izinin likita. Zazzaɓi a ƙasarmu yana iya zama na cizon sauro, saboda haka a gwada jini. Da zarar kun ga ƙirji na ciwo ko yana danne shi, ko numfashi ya gagara yana zaune, ko kumburin ƙafa ya ƙaru, ko maganarsa ta rikice, ku nufi asibiti a wannan sa'a, ko tsakar dare ne, ba sai an jira yayan gida ya dawo daga kasuwa ba. Ku yi tofi a hanya. Allurar rigakafin mura kuwa ba ko'ina ake samunta ba a wurinmu, amma mai ciwon zuciya yana cikin waɗanda likitoci suka fi so su yi ta, sai a tambaya.

Masu niyyar aikin Hajji su ma wannan awo ya hau kansu. A 2020 da 2021 ba a karɓi alhazai daga wajen Saudiyya ba, a 2022 aka ƙayyade shekaru ƙasa da 65, aka ɗage ƙayyadewar a 2023. Amma Hajji an wajabta shi ne ga mai iko, kuma ikon jiki yana ciki. Ɗan da ya tara kuɗi don ya kai mahaifinsa, Allah Ya yi masa albarka, ya fara kai shi wurin likita kafin ya biya kujera, kuma ya faɗa wa likitan gaskiyar yadda tsohon ke kwana.

Muna roƙon limamai su faɗi wannan bayan sallar asuba, su sa a buɗe taga ko da guda biyu, kuma idan aka rasa wani dattijo a sahu kwana biyu, a tura mutum biyu masu lafiya su gaishe shi a gida. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, Ya sa waɗanda ke raye su gama da mu lafiya. Amin.